Zargin Maita da Yankewar Zumunci a Lokutan Yunwa: Nazari daga Ƙasar Shira ta Masarautar Katagum

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi alaƙar da ke tsakanin ƙarancin abinci da zargin maita a cikin gidan Bahaushe, ta ɗauki ƙasar Shira da kewayenta a matsayin fagen nazari. Ta bibiyi manyan shekarun yunwa tun daga Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 har zuwa tsadar abinci ta 2024, ta kuma auna su da abin da manazarta suka gano a Maradi da Tanzaniya da Malawi. Hujjar maƙalar ita ce, a lokacin yunwa zargin maita yakan zama hanyar sauke nauyin ciyarwa ba tare da jin kunya ba: wanda addini da al'ada suka wajabta a ciyar da shi sai a mayar da shi abokin gaba, ta yadda korarsa za ta yi kama da kare kai. Saboda haka wa'azi kaɗai ba zai magance matsalar ba, sai an haɗa shi da hatsi da asibiti da doka.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yana alfahari da zumunci, yana cewa ɗan'uwa rabin jiki. Amma tarihin yunwa a ƙasar Hausa ya nuna akwai lokacin da wannan alfahari yake fuskantar jarrabawa mai tsanani, wato lokacin da rumbu ya ƙare, gero bai nuna ba, bakunan da ke jiran tuwo suka fi tukunya yawa. Masana tarihi sun yi rubutu mai yawa a kan fari da haraji da farashin hatsi. Masana al'ada kuma sun yi nasu a kan maita da bori da magani. Abin da ya rage shi ne a haɗa bangarorin biyu, a tambaya: me ya sa sunan da ake kira a bakin marar lafiya yakan zama na tsohuwa ko bazawara ko kishiya ko maraya, ba na mai unguwa ko attajiri ba?

Maƙalar ba ta shiga muhawarar ko akwai sihiri ko babu ba. Abin da ta sa a gaba shi ne zargin kansa: wa yake yi, wa ake yi wa, a wane wata na shekara, kuma wa yake cin riba bayan an gama. Ta dogara ga rubuce-rubucen tarihi da aka wallafa, da nazarin masana zamantakewa, da abin da kowane Bahaushe ya tashi yana ji game da maye da kurwa.

2.0 Ƙasar Shira da tsarin cinta

Shira tsohuwar daula ce da ta yi zamani da Teshena da Auyo, kafin Malam Zaki ya shigar da ita ƙarƙashin tutar jihadi a farkon ƙarni na 19, ya kafa masarautar Katagum. Turawa sun iso Katagum a 1903, aka mayar da fadar masarauta Azare a 1916. Har zuwa 1926 yankin yana cikin Lardin Kano, sannan aka haɗa shi da Lardin Bauchi. Wannan ya sa duk abin da aka rubuta game da yunwar Lardin Kano kafin 1926 ya shafi mutanen Shira kai tsaye. A yau Shira ƙaramar hukuma ce mai hedkwata a Yana, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane sama da 230,000.

Mafi yawan mutanen manoma ne da makiyaya. Gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi ake nomawa a jigawa, shinkafa da kayan lambu a fadama. Damina guda ce, ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, don haka abin da aka girbe a kaka shi zai riƙe gida har wata kakar. A tsarin gandu, maigida ne ke riƙe da rumbu, shi ke auna hatsin da za a daka kullum, 'ya'ya da ƙanne suna yi masa aiki, kowa kuma yana da 'yar gayaunarsa. Ƙarfin wannan tsari shi ne yana ɗaukar marasa ƙarfi: tsohuwa da gurgu da maraya duk suna da rabo a tukunya. Rauninsa kuma shi ne rabon nasu ya dogara ga mutum guda da rumbu guda. Nazarin da Polly Hill ta yi a Batagarawa ta ƙasar Katsina, wanda ta wallafa a 1972, ya nuna yadda talakan manomi ke sayar da hatsinsa da araha a kaka don biyan bashi da haraji, ya dawo ya saye shi da tsada a damina, yana ƙwadago a gonar wani alhali tasa na neman noma. Ko a shekarar da ba a yi fari ba, irin wannan gida yana ɗanɗana yunwa daga Yuli zuwa Satumba.

3.0 Shekarun yunwa da abin da suka yi wa gida

A 1913 ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai daga Sakkwato har Borno. Shekara biyu kafin nan jirgin ƙasa ya iso Kano, kamfanonin Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa, haraji kuma ya koma na tsabar kuɗi. Da rani ya yi nisa a 1914, sai hatsi ya ɓace daga kasuwa, mutane suka bazu kan hanyoyi, waɗanda suka gudo daga Damagaram da arewa suka ƙaru a kan na gida. Dubban mutane ne suka mutu a Lardin Kano kaɗai. Wannan ita ce Kakalaba. Bayanta an yi Mai Buhu a 1927, da 'Yar Gusau a 1942, da babban fari na 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984 wanda ya haɗu da cutar bushiya da ta kashe shanu.

Michael Watts, a littafinsa na 1983 kan abinci da yunwa a Arewacin Nijeriya, ya nuna cewa fari kaɗai ba ya kashe mutane. Kafin zuwan Turawa akwai hanyoyin tallafi: zakkar hatsi, da rumbunan sarakuna, da gayya, da kyautar da mai hali ke yi wa barorinsa. Mulkin mallaka ya raunana su, ya kuma ƙi sassauta haraji ko a mugunyar shekara. Watts ya kuma bayyana cewa gida ba ya rushewa dare ɗaya. Ana fara rage awo, a koma cin tafasa da rama da yaɗiya da dusa, a tona gidan tururuwa, a ci bashin hatsi, a sayar da akuya, a jinginar da gona, daga ƙarshe maza su tafi cin rani, wasu ba su dawowa.

A wannan mataki na ƙarshe ne zumunci ke tsinkewa, kuma maƙwabtanmu Zabarmawa sun adana shaidar haka a sunayen da suka ba shekarun. Masanin tarihi na Nijar, Boureima Alpha Gado, ya kawo cewa sun kira yunwar farkon ƙarni na 20 da sunan sayar da 'ya'ya, ta 1942 kuma da sunan sallamar mata. Haka nan Megan Vaughan, da ta nazarci yunwar 1949 a Malawi, ta samu cewa abin da mata suka fi tunawa shi ne yadda mazaje suka tafi neman abinci suka bar su da yara. Darasin a ko'ina ɗaya ne: idan abinci ya gaza, gida yakan fara tantance wane ne nasa na haƙiƙa, wane ne bare.

4.0 Maita a tunanin Bahaushe

Bahaushe ya ɗauka maye yana da ƙanƙara a cikinsa, yana ganin kurwar mutum, yana kama ta ya ɓoye, mai ita ya kwanta yana ramewa har ya mutu idan ba a sake ta ba. An ɗauka ana gadon maita, musamman ta hanyar nonon uwa, ana kuma iya sayenta. Wanda ake zargi akan tilasta masa ya tsallake majinyaci, wani lokaci tsirara a gaban jama'a, ko ya kuskure baki a ba marar lafiya ya sha. Yara kuwa tun suna ƙanana suke koyon cewa "kurwata kur". Pamela Schmoll, wadda ta yi bincike a ƙauyukan Maradi ta wallafa a 1993, ta lura cewa mutane suna danganta maita da kwaɗayi da hassada, kuma suna ganin ta ƙaru tun da kuɗi ya mamaye mu'amala.

Abu biyu ya kamata a lura da su a nan. Na farko, maita a wannan tunani laifin ci ce: maye mai kwaɗayi ne wanda ba ya ƙoshi. Na biyu, ana ɗauka maye ya fi kama na kusa da shi, wanda ya san sunansa da makwancinsa. Ke nan tun kafin yunwa ta zo, al'ada ta riga ta tanadi tuhumar da ta dace da mai jin yunwa, ta kuma riga ta nuna cewa a cikin gida za a neme shi.

5.0 Yadda yunwa ke haifar da zargi

Watannin da hatsi ya fi tsada su ne watannin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kama yara. Yaron da bai ƙoshi ba jikinsa ba ya jure cuta. Tamowa tana ramar da shi, ko ta kumbura masa ƙafa da fuska, gashinsa ya yi ja. Zazzaɓin da ya hau kai yana kawo taune-taune da sambatu. Da rani kuma ga sanƙarau, wanda a annobar 1996 ya kama mutane sama da 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 11,000, akasarinsu a Arewa. Ramewa ba dalili, da firgita, da kiran sunan wani cikin gigin zazzaɓi, su ne ainihin alamomin da Bahaushe ya sani na kamun maye. Gidan da ya sayar da akuyarsa ya sayi gero ba shi da kuɗin motar zuwa Azare, sai ya nufi mai magani na kusa. Mai maganin kuwa ba ya cin abinci da cewa "ban sani ba".

A ɗaya ɓangaren, yunwa tana sa wa wanda za a zarga kamannin da ake nema. Tsohuwar da aka rage wa tuwo za ta riƙa shiga gidaje daidai lokacin kwasa, ta zuba wa ƙwaryar yara ido. Idonta ya yi ja saboda hayaƙin murhu na shekaru. Idan rikicin tsufa ya kama ta, za ta fita da dare, ta yi magana ita kaɗai, ta amsa laifin da ba ta san ma'anarsa ba. Duk wannan a wurin likita yunwa ce da tsufa. A wurin uwar da ɗanta ke kwance, hujja ce.

Da an kira suna, babu sauran mafita. Idan wadda ake zargi ta tsallake yaron ya warke, an tabbatar ita ce ta sake shi. Idan ya mutu, ta ƙi saki. Idan ta ƙi tsallakawa, rashin gaskiya ne ya hana ta. Daga nan ba mai cin abincinta, ba mai sayen daddawarta ko ƙosanta, 'ya'yanta mata su rasa manema, tun da an ce abin a nono yake. Ko ba a taɓa lafiyarta ba, zaman garin ya gagare ta.

A nan ne hujjar wannan maƙala take. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, ciyar da mata wajibi ne a kan miji. Wanda ya kori uwarsa ko matar ubansa don hatsi ya ƙare, gari zai zage shi har jikokinsa. Amma wanda ya kori mayya ba mai zaginsa, har jinjina masa ake yi. Zargin ya sauke masa nauyi, ya kuma wanke shi daga kunya. Ba lallai ne ya zauna ya ƙulla hakan da gangan ba; sau da yawa ya yarda da abin har zuciyarsa, domin baƙin cikin rasa ɗa yana neman wanda zai ɗora wa. Sai dai zuciya ta fi saurin yarda da zargin da zai rage mata kaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan tsohuwar gaba ce: kishi tsakanin matan gida, ko 'yan ubanci, ko gonar gado. Matar da mijinta ya rasu tana da tumunin dukiya idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu. Idan ta gudu da tambarin maita, ba ta dawowa neman wannan haƙƙi.

6.0 Shaida daga wasu wurare

Tun a 1937 manazarci Evans-Pritchard ya nuna cewa mutanen Azande sun san gara ce ke cinye ƙafar rumbu har ya faɗi, amma suna neman maita don amsa wata tambayar: me ya sa ya faɗa kan wane, a wannan sa'a? Yunwa tana yawaita irin wannan tambaya, domin tana yawaita mutuwa.

Shaida mafi ƙarfi ta fito daga Tanzaniya. Edward Miguel ya nazarci ƙauyuka 67 a gundumar Meatu, ya wallafa sakamakon a 2005. Ya samu cewa a shekarun fari ko ambaliya kisan waɗanda ake zargi da maita yakan ninka, alhali sauran nau'o'in kisa ba su ƙaru haka ba. Mafi yawan waɗanda aka kashe tsofaffin mata ne daga gidaje matalauta, kuma galibi da hannun danginsu. Imani da maita bai canza daga shekara zuwa shekara ba. Abin da ya canza shi ne abin da ke cikin rumbu. A Turai ma, masanin tarihi Wolfgang Behringer ya danganta tsanantar farautar mayu a ƙasar Jamus a ƙarshen ƙarni na 16 da shekarun sanyi da lalacewar amfanin gona.

Dole a yi adalci a nan. Ba kowace yunwa ke haifar da zargi ba, kuma gidajen da suka raba loma ɗaya suka tsira tare sun fi waɗanda suka watse yawa. Haka kuma ana zargin maita ko da ana cikin wadata. A watan Fabrairu na 2025 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa saboda kashe wata dattijuwa mai shekara 67 a wani ƙauye na Wudil a 2023, kuma tushen zargin mafarki ne da matar ɗayansu ta yi. Yunwa ba ita ke ƙirƙirar imanin ba. Abin da take yi shi ne ta yawaita marasa lafiya, ta rage haƙuri, ta kuma sa wa zargin riba.

Wannan ya sa batun ya zama na yau. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A watan Agusta na shekarar ambaliya ta ci gonaki da gidaje a Shira da Giade da Katagum, ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri. Tsada da ambaliya da zazzaɓi a wata guda, su ne sharuɗɗan da bincike ya nuna suna jefa tsofaffi cikin haɗari.

7.0 Matsayin addini da doka

Suratul Hujurati ta umarci muminai su tantance labari kafin su yi aiki da shi, ta kuma hana yawan zato. A fiƙihu, mafarki da sambatun majinyaci da faɗar boka ba hujja ba ne, iƙirarin da aka samu da duka ba ya tabbatar da laifi, hukunci kuma na alƙali ne, ba na taron unguwa ba. Zuwa wurin boka ma shi kansa an hana. Game da yunwa kuwa, hadisi ingantacce ya yabi Ash'ariyawa saboda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage su raba daidai. A shekarar fari ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya sa aka kawo hatsi daga Sham, ya ciyar da jama'a daga baitulmali.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya haramta gwajin gano mai laifi ta hanyar azabtarwa a sashe na 214. Sashe na 216 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tara, ko duka biyu, ga wanda ya zargi wani da maita ko ya yi barazanar zarginsa. A Yulin 2021 Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri na yin Allah wadai da cutar da mutane kan irin wannan zargi. Matsalar ita ce mutanen ƙauye da yawa sun ɗauka maita ce kaɗai laifi, ba su san cewa kiran mutum maye laifi ne ba.

8.0 Shawarwari

Na farko, hukumomin zakka da na agajin gaggawa su riƙa kai tallafin damina hannun tsofaffi da zawarawa da sunansu, ba ta hannun maigida kaɗai ba. Tsohuwar da buhu ke shigowa gida saboda ita, ba a saurin kiranta mayya.

Na biyu, a ƙarfafa ƙananan asibitocin Yana da Disina da sauran garuruwan Shira da maganin zazzaɓi da abincin tamowa kafin Yuli, a kuma koya wa ma'aikatan lafiya su bayyana wa iyaye sunan cutar da Hausa. Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da ke Azare tana iya jagorantar wayar da kai kan rikicin tsufa.

Na uku, masarauta ta umarci dagatai da masu unguwanni su hana tsallake majinyaci, su ba wanda ake zargi mafaka, su miƙa maganar ga hukuma tun kafin taro ya haɗu.

Na huɗu, limamai su ware huɗubobin damina ga haƙƙin iyaye da haramcin zato, alƙalai kuma su binciki rabon gadon duk matar da ta bar gari bayan an zarge ta.

Na biyar, ɗaliban jami'ar Gaɗau da na Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh su tattara tarihin baka daga dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984, musamman mata, tun suna raye.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa zargin maita a lokacin yunwa yana bin hanya sananniya: yana tasowa a watannin tsada da cuta, yana sauka a kan wanda ba shi da mai tsaya masa, yana kuma ƙarewa da raguwar bakin ci ko sauyin hannun gona. Addini ya hana shi, doka ta hukunta shi, amma yana nan saboda yana biyan wata buƙata da gida ke kunyar faɗa. Duk dagaci ko limami ko alƙalin da aka kawo wa ƙarar maita tsakanin Yuli da Satumba, ya fara da tambaya biyu kafin komai: an kai marar lafiyar asibiti? Kuma wa ke ciyar da wadda ake zargi?